Ɗan hakin da ka raina: yadda wakafi guda ya kusa raba yarinya da lakwal

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji a kolej ya san makon haɗa maki. Kowane malami ya kawo takardarsa, wani da jan biro, wani da fensir, wani kuma sai ka bi shi har gida. Kai mai aji ka zauna ka ninka makin kowane darasi da nauyinsa, ka tara, ka raba, ka fitar da mwayan ɗin kowane yaro bisa 20, sannan ka jera su daga na ɗaya har na ƙarshe. A shekarar da zan ba da labarinta, yara 83 ke gare ni. In an ɗauke kuran, da fitilar waya ake ƙarasawa.

Ni ba injiniya ba ne. Makarantar horon malamai ta Damagaram na yi, na share shekaru ina koyarwa a firamare cikin ƙauye kafin a maido ni kolej ina ba da lissafi. Kwamfuta da girmana na same ta. Wani ƙanena da ke Yamai ya bar mini tsohuwar tasa, ni kuma cikin babban hutu na duƙufa koyon Python, harshen rubuta manhaja da Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fitar a 1991. Kafin a koma lakwal na haɗa wata ƴar manhaja mai ajiye maki cikin SQLite, wani ƙaramin rumbun bayanai da ke zuwa tare da Python. Aikin kwana biyar ya koma na yini guda. Abokan aiki suka riƙa kirana injiniya, ni kuma kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba.

Kwana biyu bayan an raba takardun sakamako, wata yarinya ta tsaya bakin ƙofa bayan an tashi. Ba zan faɗi sunanta ba. Abin da zan faɗa shi ne, a takardar haihuwarta akwai ɗan wakafin sama a tsakiyar sunan, irin wanda ke cikin Sa'adatou ko Ma'azou. Tana cikin biyar na farko tun shigowarta kolej. A wannan zangon ta fito ta 71.

Ta ce, “Mushe, gafara dai. Ina ga akwai kuskure a takardata.”

Na amsa mata da abin da nake jin kunyarsa har yau. Na ce, “Inji ne ya yi lissafin, ƴata. Ki dai ƙara ƙoƙari.”

Ba ta yi gardama ba. Ta buɗe jakarta ta fito da takardun jarrabawarta da malamai suka mayar musu, ta jera mini bisa tebur. Lissafi 16, da hannuna na rubuta. Ta buɗe kaye, ta nuna mini inda ta yi lissafin da kanta, darasi bayan darasi. Sannan ta ce, cikin ƙaramar murya, babanta ya ce in dai wannan ne sakamakon, to karatun ya isa haka, ta zauna gida ta taya innarta.

A daren na buɗe rumbun. Makin aikin aji nata yana nan daidai. A gurbin jarrabawa kuwa sifiri ne a kowane darasi. Da yake a makarantarmu ana haɗa makin aji da na jarrabawa a raba biyu, yarinyar da ta cancanci 15 sai ta fito da 7 da wani abu. Takardar sakamakon mwayan kawai take nunawa, ba ta nuna sifirin. Wanda ya gani zai ce yarinya ce ta sake da karatu. Haka ni ma na ɗauka, har na rubuta mata gargaɗi a ƙasa, na sa hannu.

Ga yadda abin ya faru. Rumbun bayanai ana yi masa magana da wani harshe mai suna SQL, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin IBM cikin shekarun 1970. Don in shigar da makin jarrabawa, sai na riƙa ɗinka umarnin kamar mai haɗa ƙyalle, guntun rubutu bisa guntun rubutu:

umarni = "UPDATE dalibai SET jarrabawa = " + maki + " WHERE suna = '" + suna + "'"

Ma'anarsa: a jerin ɗalibai, sa wannan maki a gurbin jarrabawa na mai suna kaza. A SQL, wakafin sama ne ke nuna inda suna ya fara da inda ya ƙare. In sunan Moussa ne, rumbun zai ga 'Moussa', ya gane, ya yi aiki. In Ma'azou ne, abin da zai gani shi ne 'Ma'azou'. Sai ya karanta Ma a matsayin suna, ya ɗauka an rufe, ya ci karo da azou a inda yake jiran umarni, ga kuma wani wakafi da aka buɗe ba a rufe ba. Ya ce bai gane ba, ya ƙi aikin.

Rumbun ya yi gaskiya, ya kuma yi magana. Ni ne na toshe masa baki. Tun lokacin gwaji, saƙonnin kuskure sun riƙa tsayar mini da aiki saboda layukan da babu komai cikinsu, sai na sa wa manhajar cewa duk kuskuren da ya taso ta wuce shi shiru. Na kuma sa sifiri a kowane gurbi kafin a cika shi. Laifi uku ke nan suka haɗu kan yarinya guda: ɗinkin rubutu, toshe bakin kuskure, da ɗaukar “ba a shigar ba” daidai da “ya ci sifiri”.

Me ya sa ban gani ba tun farko? Domin yawancin sunayen rajistarmu da rubutun Faransanci suke. A'isha ta zama Aïchatou, Sa'idu ya zama Saïdou, wakafin ya ɓace. Cikin 83, biyu kaɗai ke da shi. Na biyun yaro ne. Shi bai zo ba. Da na kira shi na tambaye shi dalili, sai ya ce, “Mushe, ai an ce inji ba ya kuskure.” Ya riga ya sha faɗa a gida, ya kuma yarda cewa shi ne bai iya ba. Wannan ta fi ta yarinyar yi mini ciwo.

Dabarar da ta fara zo mini ita ce in cire wakafin daga sunayen. Na yi tunani na fasa. Sunan da ke takardar sakamako dole ya dace da na takardar haihuwa, in ba haka ba ranar haɗa takardun BEPC za a sha wahala. Ban da haka, da wane dalili zan gyara wa yaro sunan da ubansa ya raɗa masa don manhajata ta ji daɗi? Kuma wakafin ba a sunan mutane kaɗai yake ba. Duk wanda aka haifa a Ƙonni, takardarsa Birni N'Konni ta ce. Haka N'Guigmi, haka Birni N'Gaouré. Dabara ta biyu ita ce in riƙa ninka wakafin, domin a SQL wakafi biyu a jere na nufin wakafi guda na cikin suna. Wannan tana aiki, amma sai ka tuna da ita a kowane wuri, kowace rana, har ranar da ka gaji. Ranar da ka manta, ka koma gidan jiya.

Ƙanena ne ya nuna mini hanyar, ta waya. Ya ce, “Yaya, kai da ke cika takardu a magajin gari, ba ka ga yadda suke ba? Gurbin suna daban, gurbin gari daban.” Ga yadda layin ya koma:

rumbu.execute("UPDATE dalibai SET jarrabawa = ? WHERE suna = ?", (maki, suna))

Alamomin tambayar nan gurabe ne. Rumbun yana karɓar umarnin shi kaɗai, ya fahimci ƙirarsa, sannan a miƙa masa maki da suna a gefe. Duk abin da aka zuba a gurbin suna, suna ne, ko da wakafi goma ne cikinsa. Ba ya taɓa haɗuwa da rubutun umarnin balle a rikita su. Kamar bambancin ka aiki yaro da saƙon baki da ka ba shi wasiƙa a rufe: saƙon baki yana iya cakuɗewa da maganar ɗan aiken, wasiƙa kuwa yadda ka ba shi haka zai kai ta.

Da na ƙara bincike sai na gane ramin da na faɗa tsoho ne, kuma ya fi yadda na zata zurfi. Ni tsautsayi ne ya same ni. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ce wani mai wayo ya rubuta wannan a gurbin suna: x' OR '1'='1. Tsohon ɗinkina zai mayar da shi umarni mai cewa a sa makin ga mai suna x, ko kuma ga duk wanda 1 ke daidai da 1 a wurinsa. Wato kowa. Yara 83 su tashi da maki ɗaya. Wannan ita ce hanyar kutsen da ake yi ta cusa umarni cikin SQL. An yi bayaninta a fili tun 1998 a mujallar Phrack. A 2007 mai zanen barkwanci Randall Munroe ya yi zane a kanta, kuma makaranta ya ɗauka misali: uwa ta sa wa ɗanta suna mai ɗauke da umarni, rajistar ɗalibai ta goge. A 2015 ta wannan ƙofa aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila, aka kwashi bayanan mutane kusan 157,000, hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci su tarar fam 400,000 a 2016. Da na karanta haka na ɗan sami sanyi, na ce ashe ba ni kaɗai ba ne. Sanyin bai daɗe ba, don su kuɗi suka biya, ni kuwa karatun ƴar mutane na kusa biya da shi.

Tunda na ga ɓaraka guda, na ce bari in bi manhajar layi-layi. A nan na tarar da ta biyu, wadda ta fi ba ni kunya a matsayina na malamin lissafi.

Kowane darasi yana da yadda ake fitar da makinsa. Don in sauƙaƙa wa kaina, na rubuta ƙa'idar kowanne a matsayin rubutu, sannan in liƙa mata nauyin darasin a wutsiya, in miƙa wa wani aikin Python mai suna eval, wanda ke karɓar rubutu ya zartar da shi kamar umarni. Yawancin darussa ƙa'idarsu "(aji + jarrabawa) / 2" ce. In ka liƙa mata " * 3" a baya, lissafi na fita daidai. Amma malamin Ingilishi ya raba nasa gida biyu, na baki bisa 10, na rubutu bisa 10, a tara. Ƙa'idarsa "baki + rubutu". Nauyin darasin 2. Da aka liƙa sai ya zama:

baki + rubutu * 2

Duk ɗan aji ɗaya na kolej da na koyar ya san ninkawa na gaba da tarawa. Yaron da ya ci 6 a baki da 7 a rubutu, haƙƙinsa 13 sau 2, wato 26. Manhajata ta ninka 7 kaɗai, ta ƙara 6, ta ba shi 20. Maki 6 sun tafi. In jimillar nauyin darussa 20 ce, an zaftare masa 0,3 a babban mwayan. Ga mai 14 wannan ba komai ba ne. Ga mai 10,1 kuwa, shi ne ya koma 9,8. Da yake kowa aka zaftare, babu wanda ya lura, sai dai malamin Ingilishi da ya riƙa mamakin yadda ajin ya yi rauni. Da na gyara, yara uku suka haye 10.

Akwai wani kuskuren da ya taɓa tasowa tun farkon shekara, wanda yanzu nake ganin alherinsa. Mu da muka yi karatu da Faransanci 12,5 muke rubutawa, da wakafi. Python kuwa 12.5 ya sani, da ɗigo. In ka ba shi 12,5 cikin rubutu, lambobi biyu yake gani, 12 da 5. Ranar da na yi haka, manhajar ta tsaya cik ta yi ƙara, na gyara cikin minti biyar. Kuskure mai ihu ɗan'uwa ne. Wanda ke fitar da lamba mai kama da gaskiya, tsakanin 0 da 20, shi ne abin tsoro.

Na daɗe ina tunanin abin da ya haɗa ɓarakar nan biyu, sai na tuna darasin nahawu a makarantar horon malamai, inda ake sa mu fasa jimla mu nuna wace kalma ke rataye da wace. Ɗauki wannan: “Na ga ɗan malam mai gemu.” Wa ke da gemun, ɗan ko malamin? Mai maganar ya sani, domin a kansa maganar tana da rassa: ko dai “mai gemu” na rataye da malam, ko da ɗan. Amma da ya fito da ita ta baki, sai ta zama layi guda, kalma bayan kalma, rassan suka ɓace, mai sauraro ya koma yana lalube. Lissafi haka yake. A kaina, “baki da rubutu” dunƙule guda ne da za a ninka. Da na mayar da shi jeren haruffa, dunƙulen ya warware, kuma haruffa ba su san cewa su ƴan ɗaki ɗaya ba ne. Baka biyu da muke sa wa lissafi dabara ce ta maido da rassan cikin layi. Ni kuma na bar wa ƙwaƙwalwata aikin tuna su.

Maganin shi ne kada a warware dunƙulen tun farko. A gina ƙa'idar da rassanta, a ajiye ta haka. Masu ilimin kwamfuta bishiya suke kiran wannan ƙira. Ga ƙa'idar Ingilishi yadda na sake ta:

("ninka", ("tara", "baki", "rubutu"), 2)

A gindi akwai ninkawa. Tana da reshe biyu: na dama lamba 2 ce, na hagu kuwa wata ƙaramar bishiya ce, tarawa, mai ganye biyu, baki da rubutu. In ina son sa wa kowace ƙa'ida nauyi, ba na liƙa mata komai a wutsiya. Ina ɗaukarta ɗungurungum in sa ta a reshen hagu na sabuwar ninkawa. Ko mene ne cikinta, ba ya zubowa waje. Tambayar wa ke gaba tsakanin tarawa da ninkawa ba ta ma tasowa, domin wurin zaman kowanne ya riga ya amsa ta. Abin da ke lissafa bishiyar kuwa bai kai layi goma ba:

def lissafa(reshe, maki):
    if isinstance(reshe, str):
        return maki[reshe]
    if not isinstance(reshe, tuple):
        return reshe
    aiki, hagu, dama = reshe
    return AYYUKA[aiki](lissafa(hagu, maki), lissafa(dama, maki))

Da Hausa: in ka iske suna, ɗauko makinsa. In ka iske lamba, bar ta yadda take. In ka iske reshe, lissafa hagunsa, lissafa damansa, sannan ka haɗa su da aikin da aka ambata. AYYUKA ɗan jeri ne mai abu huɗu kacal: tara, ɗebe, ninka, raba. Abin da ba ya cikin huɗun nan manhajar ba ta san shi ba, ba za ta kuma aikata shi ba. Shi kuwa eval duk abin da aka rubuta masa yi yake, har da goge fayil in an umarce shi. Na yi watanni da ƙofar nan a buɗe ban sani ba.

Wannan tunani ya girme ni nesa ba kusa ba. A 1958 John McCarthy, a jami'ar MIT ta Amurka, ya ƙirƙiro harshen Lisp, inda ake rubuta manhaja kanta da siffar jeri cikin jeri. Lissafin yaron nan a Lisp shi ne (* (+ 6 7) 2). Duba shi ka duba nawa na sama: abu ɗaya ne. Shi ya sa a Lisp manhaja ke iya gina wata manhaja kamar yadda take gina kowane jeri. Python ma, duk rubutun da ka ba shi, sai ya fara mayar da shi bishiya kafin ya zartar. Yana da wani sashe mai suna ast da ke ba ka damar gina bishiyar da hannunka, kuma tun fitowar Python 3.9 a 2020 akwai ast.unparse, mai mayar da bishiya rubutu. Na gwada shi da ƙa'idar Ingilishi. Ya fito mini da (baki + rubutu) * 2, ya sa bakan da kansa a inda ni na manta. Na zauna ina kallon allon ina dariyar kaina. Ashe da can wahalar banza nake: ina da bishiya a kai, in rushe ta ta zama rubutu, in miƙa wa inji ya sake gina ta bisa hasashe.

Riba ta biyu ban zata ba. Rubutu abu ɗaya kawai za ka yi da shi, ka zartar. Bishiya kuwa ana iya zagaya ta a yi mata tambayoyi. Na rubuta wani ɗan aiki mai bin rassa yana tattara ganye, wato sunayen duk makin da ƙa'ida ke bukata. Yanzu kafin a buga takardar kowane yaro, manhajar na duba ko kowane ganye na da makinsa. In babu, ba ta sa sifiri. Tana tsayawa ta ce wane ba shi da makin kaza. Da wannan na nan tun farko, da yarinyar ba ta tsaya bakin ƙofata ba. Na rubuta wani kuma mai mayar da bishiyar rubutu irin na allo, da lambobin yaron a ciki, a buga a ƙasan takarda: (6 + 7) × 2 = 26. Uba ko wa da ya yi lakwal yana iya bi da biro ya tabbatar. Da yake daga bishiya guda lissafin da bayanin suke fitowa, ba yadda za a yi su saɓa.

Abokin aikina mai koyar da kimiyya ya ce mini duk wannan neman suna ne, Excel ya ishi malami. Yana da gaskiya fiye da rabi. Da Excel na yi amfani, da sifirin ya fito fili a gurbinsa kowa ya gani. Ga mai aji ɗaya da ba ya sha'awar rubuta manhaja, shawarata ita ce tasa. Sai dai Excel ɗin ma shaida ne a kan maganata. A kwamfutarsa mai Faransanci yana rubuta SOMME da MOYENNE. In ya aika fayil ɗin Kano aka buɗe a kwamfuta mai Ingilishi, SUM da AVERAGE za a gani, lissafin bai canza ba. Abin da muke gani a allo riga ce, ana sauya ta gwargwadon mai kallo. Wanda ya ɗinka ƙa'idar Excel da rubutu daga wata manhaja, ya sa SOMME a inda fayil ke jiran SUM, shi ma zai sha irin tawa.

Ba kuma zan ce bishiya ba ta da wahala ba. "baki + rubutu" ya fi daɗin karantawa, kowa na gane shi. Nawa mai baka cikin baka sai an saba. Gurabe masu alamar tambaya ma suna da iyaka: suna karɓar maki da suna, amma ba sa karɓar sunan jeri ko na gurbi. In darasi ne zai nuna gurbin da za a cika, dole in riƙe jerin darussan da na yarda da su, in duba kafin in yi amfani da sunan. Ƙa'idar da na tsayar wa kaina ita ce: abin da na rubuta da hannuna sau ɗaya, ina kallonsa, ba ya canzawa, yana iya zama rubutu. Amma duk inda manhaja ce za ta haɗa guntu da guntu, ko wani abu zai shigo daga hannun wani, to a gina shi, kada a ɗinka. Na kuma daina neman yaro da sunansa. Kowa na da lamba, domin a aji ɗaya ana samun masu suna ɗaya har da sunan uba.

Saura abin da ya fi gyaran manhaja wuya. Washegari na shiga wurin direkta na faɗa masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Mushe, kai ka ɓata, kai za ka gyara.” Na sake buga takardu 83 da kuɗin aljihuna. Na tsaya gaban aji na ce kuskuren nawa ne, na rubuta 6 + 7 × 2 a allo na ce su gaya mini inda malaminsu ya faɗi. Hannuwa suka tashi kamar ana rabon alewa. Ban taɓa koyar da darasin da ya shiga kamar na ranar ba.

Bayan la'asar na tafi gidan su yarinyar. Na iske mahaifinta a ƙofar gida bisa tabarma. Muka gaisa, na ce, “Alhaji, na zo ne in ba da haƙuri. Takardar da aka kawo maka ba daidai take ba, kuma laifina ne. Ga ta gaskiyar. Ƴarka ta huɗu ta zo.”

Ya karɓa ya juya ta, ya kira wani ɗansa ya karanta masa. Sannan ya ce, “To Malam, wace zan yarda da ita? Waccan ma da hannunka a kai.”

Ba ni da amsar da ta wuce in nuna masa. Na ce a kira ta da takardun jarrabawarta. Muka zauna nan bisa tabarma, ɗan yana karanto maki, ita tana lissafi a kaye, ni na rufe bakina. Da suka kai ƙarshe, lambarta da ta sabuwar takardar suka zo ɗaya. Alhaji ya daɗe yana kallon kayen. Ya ce, “Ashe ita ta kama ka.” Na ce ita ce. Ya yi murmushi kaɗan, ya ce Allah ya kyauta, ya sa aka kawo mini ruwa. Ranar Litinin tana aji.

Yaron kuwa, na je gidansu shi ma, an karɓe ni da mutunci, amma faɗan da ya sha ya riga ya sha. Na lura har ƙarshen shekara bai ƙara ɗaga hannu kamar da ba. Wannan bashi ne da ban san yadda zan biya ba.

Ina rubuta wannan ne domin na ga malamai da yawa, a Maraɗi da Tawa da nan wajenmu, sun fara haɗa irin waɗannan ƴan manhajoji, wasu ma da waya. Abu ne mai kyau, kada kowa ya fasa. Roƙona kawai, kafin ka buga takardar ɗan wani, ka gwada manhajarka da Ma'azou haifaffen Birni N'Konni, wanda ya ci 12,5 kuma bai zo jarrabawa ɗaya ba. Ka ɗauki yara biyar ka yi nasu da biro ka gwama. Kuma in yaro ya tsaya bakin ƙofa ya ce maka akwai kuskure, ka ce ya shigo ya nuna maka.

Ni dai har yau, duk ƙarshen zango, ina raba wa yara ƙa'idar lissafin in ce kowa ya fitar da mwayan ɗinsa a kaye kafin ya ga nawa. A zangon da ya wuce mutum biyu suka zo da bambanci. Ɗaya shi ya yi kuskure. Ɗayan, ni ne na shigar da 11 a maimakon 17.